Farar Shadda Ta Fito Fara



Yau maganarmu da masu riƙe kyamara ce. Ango ya sa shadda fara ƙal. An ɗauki hotonsa da dare a zaure, sai shaddar ta fito kamar an shafa mata manja. Me ya jawo haka? Haske.

Kowane haske da launinsa. Ƙwan lantarki irin na da yana ba da ja-ja. Inuwa tana ba da shuɗi-shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa, ita kuwa kyamara sai an nuna mata abin da yake fari.

To, a ina ake nuna mata? Ku nemi haruffan WB a jikinta ko cikin saitinta. Za ku ga alamar rana, da gajimare, da ƙwan lantarki. Ku zaɓi wadda ta yi daidai da hasken da kuke ciki. Barin kyamara ta zaɓa da kanta yana yi a tsakar gida da rana. Amma a ƙarƙashin jar rumfar biki, a ganina, kada ku yarda da zaɓinta.

A nan, ku sami farar takarda. Ku riƙe ta daidai inda ango zai tsaya, ku ɗauke ta hoto ta cika fuskar kyamara, ku saita ta a matsayin fari. In kun sauya wuri, ku sake. In haske ya sauya, ku sake.