Lemon Kwalba da Lafiyar Ƙoda



A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, lebura mai ɗaukar bulo ko ɗan acaɓa yakan miƙa hannu ga kwalbar lemo mai sanyi kafin ya tuna da ruwa. Laccar yau a kan wannan ɗabi'a take, da abin da take jawo wa ƙoda.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Su biyun suna tace kimanin lita 180 na ruwan jini a yini, su mayar da mafi yawansa jiki, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari.

Robar Coca-Cola mai rabin lita tana ɗauke da sukari giram 53. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kusan giram 50 ga babba. Roba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a zo ga shayin safe ba. Idan hakan ya ɗore, ƙiba, ciwon suga da hawan jini sukan biyo baya, kuma cututtuka biyun ƙarshe su ne manyan musabbabin lalacewar ƙoda a duniya.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da lemo ke cutar da ƙoda. Hanta ce ke sarrafa furuktos, nau'in sukarin da ke cikin lemo, kuma yawansa yana ɗaga sinadarin yurik asid a jini. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2013, wanda ya bi mutane sama da 190,000, ya gano cewa masu shan lemon kola mai sukari kullum sun fi masu shan sa jefi-jefi fuskantar tsakuwar ƙoda da kashi 23 cikin ɗari. A wani binciken da aka buga a 2019, masana a Jami'ar Buffalo sun sa matasa masu lafiya aikin ƙarfi cikin zafi. Ranar da suka kashe ƙishirwa da lemo, alamomin rauni a ƙodarsu sun fi na ranar da suka sha ruwa. Wannan sakamako ya shafi leburan da aka ambata kai tsaye, ya kuma shafi mai azumin da ke buɗa baki da lemo bayan yini guda cikin ƙishi.

Zoɓo da kunun aya ma ba su tsira ba idan aka cika musu sukari.

Gwamnatin Najeriya, ta Dokar Kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai sukari. Naira goma ba ta hana kowa saye ba, ga shi kuwa wanda ƙodarsa ta gaza yana buƙatar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu.

Ciwon ƙoda yakan yi nisa kafin kumburin ƙafa ko na fuska ya bayyana. Shi ya sa likitoci ke son mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙa yin gwajin fitsari da na jini aƙalla sau ɗaya a shekara, mai aiki cikin rana kuma ya fara da ruwa kafin duk wani abin sha.