Kada A Yi Saurin Juya Yaro Ya Kalli Gaba

Jawabin wannan wata, don a karanta wa iyaye a aji da zaure da gidan suna.

Maganar yau a kan ƙananan yara ce, da yadda ake tafiya da su a mota da babur.

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Daura, wajen Dambatta, zai ga wannan abu. Haka ma a titin Kano zuwa Katsina, wajen Bichi ko Tsanyawa. Ga magidanci a kan babur. Ga matarsa a baya da goyo. Ga yaro ɗan shekara biyu a kan tanki, yana dariya, iska tana kaɗa masa riga. Can kuma ga mota ta wuce. Uwa tana gidan gaba, jariri yana cinyarta, yana kallon titi.

Waɗannan iyaye ba mugunta suke yi ba. Suna son 'ya'yansu. Suna ganin yaro ya yi wayo, ya isa ya zauna a gaba. To, tambayar ita ce, yaushe ne yaro ya isa ya kalli gaba? Amsar a taƙaice: ba da wuri ba. Ƙwarin wuyansa da girman jikinsa ake dubawa, ba wayonsa ba.

Darasi daga goyo

Mata sun riga sun san rabin wannan magana. Idan za a goya jariri sabon haihuwa, ana sa hannayensa a cikin zani. Ana jan zanin har ya tallafe masa ƙeya. Sannan a ɗaura majanyi. Ba a fitar da hannayensa sai an ga wuyansa ya tsaya. Babu uwar da take fitar da su don kawai an ga sabon wata. Wuyan take dubawa.

Dalili shi ne kan jariri babba ne a jikinsa. Ranar da aka haife shi, kansa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa. Na babban mutum kuwa kamar kashi ɗaya cikin takwas ne. Ga kai mai nauyi, ga wuya siriri. Ƙasusuwan wuyan ba su gama ƙwari ba, da sauran guringuntsi. A cikinsu laka take, ita ce take haɗa ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Idan laka ta taɓu, yaro yana iya shanyewa har ƙarshen ransa, ko ya rasu nan take.

Yaro yakan iya riƙe kansa a wata 3 ko 4. Yakan iya zama da kansa wajen wata 6. Amma wuyan da ya isa zama a tabarma bai isa karon mota ba. Wannan ƙwarin sai an yi shekaru yake samuwa.

Abin da yake faruwa idan mota ta yi karo

Idan mota tana gudu, duk abin da yake cikinta gudu yake yi. Idan ta tsaya farat ɗaya, abin da ba a ɗaure ba ba ya tsayawa. Gaba yake wucewa. Kowa ya taɓa ganin yadda kwano ko buhu yake zamewa idan direba ya taka birki da ƙarfi.

A ce mota tana gudun kilomita 50 a awa. Wannan ba gudu ba ne a wurin direbobin hanyar Daura. Amma idan ta daki wani abu a wannan gudu, daidai yake da mutum ya faɗo daga bishiya mai tsawon mita 10. A wannan lokaci nauyin yaro yana iya ninkuwa kamar sau 30. Yaro ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 ko 10. Ke nan zai zama kamar kilo 300, wato manyan buhunan masara uku. Wace uwa ce za ta iya riƙe buhu uku da hannu biyu? Babu. Komai son da take yi masa, zai kuɓuce mata. Gilashin gaba zai tarar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a rahotonta na shekarar 2023, mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Ta kuma ce kujerar yara ta mota tana iya rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100.

Mece ce kujerar yara ta mota?

Wata 'yar kujera ce mai kama da kwando, mai laushi a ciki. Ana ɗaure ta da bel a kujerar baya ta mota. Tana da nata igiyoyi da suke riƙe yaro ta kafaɗa da ƙugu da tsakanin cinyoyi. Ana samun ta a shagunan kayan jarirai a birnin Kano, sabuwa da ta gwanjo. Ba kowane gida yake da mota ba. Amma yanzu da wuya a rasa mai mota a dangi, ko malamin makaranta, ko ɗan kasuwa, ko ɗan da yake aiki a birni. Ya kamata maganar nan ta kai kunnensu.

Abin da yake ba mutane mamaki shi ne, kujerar jariri baya take kallo. Yaro yana juya wa direba baya. Wasu suna cewa an ɗaura ta a juye. Ba a juye take ba, haka aka yi ta.

Ga asalin abin. A ƙasar Suwidin, a Turai, an yi wani likita mai suna Bertil Aldman. Ya lura cewa 'yan sama jannatin Amurka a rigingine suke kwanciya a cikin kumbo, don bayansu gaba ɗaya ya ɗauki ƙarfin tashi. Sai ya ce haka ya kamata a yi wa yara a mota. A shekarar 1964 ya fito da kujera mai kallon baya. Har yau yawancin yaran Suwidin baya suke kallo sai sun kai kamar shekara 4. Ƙasar tana cikin waɗanda yara ba su cika mutuwa a mota ba.

Yadda abin yake aiki ba wuya. Karo mafi muni yakan zo ne ta gaban mota. Yaron da yake kallon baya, sai karon ya danna shi cikin kujerar. Kujerar ta tallafe kansa da wuyansa da bayansa lokaci guda, kamar yadda ungozoma take tallafe ƙeyar jariri da tafin hannu wajen wanka. Yaron da yake kallon gaba kuwa, igiyoyi sun riƙe jikinsa, amma babu abin da ya riƙe kansa. Sai kan ya fizgu gaba, nauyin duka ya sauka a wuya.

To, yaushe za a juya shi?

A da ana juya yara tun suna kilo 9. Daga baya masana suka ga an yi sauri. A Turai, ƙa'idar da aka fito da ita a shekarar 2013 ta ce kada a juya yaro kafin ya cika wata 15. A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ce a shekarar 2011 a bari sai shekara 2. A shekarar 2018 ta ƙara gyara maganar. Ta ce a bar yaro yana kallon baya har sai ya fi ƙarfin kujerar. Kowane gyara aka yi, ƙara lokaci ake yi, ba ragewa ba.

Saboda haka abu uku za a duba.

Na ɗaya, shekaru. Idan yaro bai cika wata 15 ba, babu maganar juyawa sam. Idan an kai shi shekara 2 ya fi. Idan an wuce haka, ya fi kyau ƙwarai.

Na biyu, nauyi. A gefen kowace kujera akwai takarda da aka manna. An rubuta iyakar kilo da santimita da za ta ɗauka tana kallon baya. Ƙananan kujerun jarirai da yawa kilo 13 ne iyakarsu. Manya suna kai kilo 18 ko fiye. Sai a ɗauko katin awon yaro na asibiti, a duba kilonsa na ƙarshe. A gwada lambar kati da lambar kujera. Idan ta kati ba ta kai ta kujera ba, yaro bai isa juyawa ba. Wanda ya iya karanta lambobi ya iya wannan aiki.

Na uku, kai. A duba tsakanin tsakar kan yaro da bakin kujerar na sama. Idan abin da ya rage bai kai faɗin yatsu biyu ba, kujerar ta yi masa kaɗan. Idan yaron ƙarami ne har yanzu, maganin shi ne a nemi babbar kujera mai kallon baya, ba a juya shi ba.

Abubuwan da ba dalili ba ne

Wani zai ce ƙafafunsa sun taɓa jingina. Wannan ba komai. Yara suna naɗe ƙafa ba tare da sun ji ciwo ba, kamar yadda suke zama a tabarma. Ko da ma ƙafa ta karye, ana ɗorinta ta warke. Laka ba a ɗorinta.

Wata za ta ce yana kuka, yana son ya ga babansa. Sai uwa ko yayarsa ta zauna kusa da shi a baya, ta yi masa wasa. Idan tafiyar doguwa ce, a tsaya a inuwa a ba shi nono, ya huta. Kuka yana wucewa.

Wani zai ce ya yi haƙori, ya fara tafiya, an yaye shi. Duk wannan abin murna ne. Amma haƙori ba ya ƙara wa wuya ƙwari. Wata kuma za ta ce ɗan maƙwabta sa'ansa ne, tuni yake zama a gaba. Ba a gasa da ran yaro.

Kula da kujerar

Wurinta kujerar baya ce. Motoci da yawa suna da jakar iska a gidan gaba. Idan an yi karo takan fashe da ƙarfi. Idan ta daki kujerar jariri mai kallon baya, tana iya kashe shi. Igiyoyi kuma a ja su su kama jiki, kada su yi sako-sako. Mai sayen ta gwanjo ya duba da kyau. Idan ta tsage, ko igiya ta tsinke, ko takardar gefe ta ɓace, kada ya saya. Sannan kada a bar yaro a mota a rufe, ko na ɗan lokaci ne. Zafin bazara yana kisa.

Wanda ba shi da kujera fa?

Wannan shi ne halin yawancin mutanen karkara, kuma maganar ta shafe su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana gargaɗi cewa yaron da bai kai shekara 12 ba kada ya zauna a gidan gaba. Saboda haka mai jariri ta nemi kujerar baya a tasha. Idan da hali kada ta zauna a bakin ƙofa. Kada ta haɗa kanta da yaro a cikin bel ɗaya, domin nauyinta zai matse shi. Gaskiya ita ce cinya ba ta kai kujerar yara ba. Amma baya ta fi gaba nesa ba kusa ba. Idan direba yana gudun wuce sa'a, fasinja suna da baki, su yi magana.

Sai babur. Tanki ba wurin zama ba ne. Babu jingina, babu abin riƙo. Idan akuya ta gitta aka taka birki, wanda yake kan tanki shi ne na farkon faɗuwa. Yara kuma suna yin barci a hanya ba tare da uba ya sani ba. Tun shekarar 2009 hukuma ta matsa a kan sa hular kwano. Amma hular babba ba ta zama a kan ƙaramin yaro. Yaro bai isa hawa babur ba sai ƙafarsa ta kai mataki, ya iya riƙe mai tuƙi da kyau, an kuma samo masa hula daidai kansa. A lokacin ma a baya zai zauna.

Idan tafiyar ta zama dole, kamar zuwa asibiti da goyo, to a ɗauki uwa da jaririnta kawai. Kada a ƙara yaro a gaba. Ta tattare zani da hijabi da majanyi, kada taya ta kama su. Mai tuƙi ya tafi a hankali, ya guji tafiyar dare. Gara a yi sawu biyu da a yi sawu ɗaya na nadama. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Jama'a, yaro ba ya zaɓar wurin zamansa. Inda aka ajiye shi nan yake zama. Uba ne yake riƙe da kan babur, uwa ce take neman wuri a mota. Yaron da ya kalli baya yau, yana da shekaru masu yawa da zai kalli gaba. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar wa maƙwabcinsa, ya isar wa direban garinsu.

Allah ya kiyaye hanya, ya raya yara, amin. Wassalam.