TURAKUN JAJI: YADDA MURYAR KADUNA TA KAI SORAU DA IKKO

Lacca ce da aka shirya domin 'yan Arewa mazauna biranen Kudu.

 

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san Jaji, kuma in ya ɗaga kai zai hangi waɗansu dogayen turakun ƙarfe tsaye a fili. Matafiya da yawa sukan ɗauka kayan soja ne, tun da yake garin ya yi suna da barikinsa. To, turakun gidan Rediyon Kaduna ne. A cikin Kaduna ake magana, amma daga Jaji ake cilla ta duniya. Daga Jaji zuwa Sorau, can ƙasar Maiha kudu da Mubi a bakin iyakar Kamaru, ya fi kilomita 600 a miƙe. Daga Jaji zuwa Ikko ma haka nan, ya fi kilomita 600. Watau tsohon da ke zaune a ƙofar gidansa a Sorau da ɗansa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun, nisansu da turakun nan kusan ɗaya ne, kuma shekara da shekaru murya ɗaya suke ji a lokaci ɗaya. Tarihin wannan murya shi ne abin da za a duba yau.

Rediyo ya shigo Nijeriya ne ta waya. A 1935 gwamnatin Turawa ta fara rarraba shirye-shiryen BBC a Ikko ta hanyar waɗansu akwatuna da ake ja wa waya har cikin gida, mai gida yana biyan kuɗin wata. Akwatin ba shi da zaɓi, abin da aka zuba shi mutum zai ji. Kano ta sami irin wannan a 1944. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta NBS, wadda ta zama NBC ran 1 ga Afrilu 1957, tana da reshe a Kaduna, amma linzami yana Ikko.

Abin da ya sa jihohi suka nemi nasu na kansu siyasa ce. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a gyara batun, a bar shi sai lokacin da ya dace. Majalisa ta hargitse, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko. Gwamna Macpherson ya shiga rediyo ya soki jam'iyyar Action Group, Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, aka hana shi. Da aka yi tsarin mulki na 1954, sai aka yarda kowace jiha tana iya kafa gidan watsa labarai nata. Jihar Yamma ta riga kowa, ta buɗe talbijin a Badun ran 31 ga Oktoba 1959. Jihar Gabas ta bi baya a Inugu a 1960.

Arewa ce ta zo ƙarshe, ita ce kuwa ta fi kowa bukata. Manyan jaridun ƙasa a Kudu ake buga su, da Turanci, kuma ba safai suke faɗin alheri a kan Arewa ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana nan tun 1939, amma sai wanda ya iya karatun boko, su kuwa ba su da yawa duk da Yaƙi da Jahilci. Saboda haka gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin BCNN. Cikin watan Maris 1962 Gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna ya fara aiki. Aka yi sa'a kuwa, domin a daidai shekarun nan ne ƙaramin rediyo mai batir ya fara cika kasuwanni, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa, tela ya ajiye kusa da kekensa, ba ruwansa da waya ko wutar lantarki.

A nan ya kamata a tsaya a kan Sorau da maƙwabtanta, domin labarinsu ya nuna abin da ke cikin zuciyar masu mulki. Ƙasar Mubi da Maiha a dā tana cikin yankin Kamaru da Jamus ta mallaka, wanda bayan yaƙin duniya na fari aka danƙa wa Ingila riƙon amana. An yi ƙuri'ar raba gardama a 1959, jama'a suka ce a jinkirta. Aka sake yi cikin Fabrairu 1961, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, hedkwatarsa Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru ya mai da wannan rana ranar makoki a ƙasarsa. Shi kuwa mutumin Garwa ne, kuma Garwa tana da gidan rediyonta mai magana da Fulatanci, ga ta kusa, ta fi Kaduna kusa nesa ba kusa ba. Wata tara kacal bayan shigowar lardin aka buɗe Rediyon Kaduna. Mutanen da kashi biyu cikin biyar nasu suka zaɓi ƙetare, dole ne sabuwar ƙasarsu ta yi musu magana kullum, da harshen da suke ji. Shi ya sa shirye-shiryen Fulatanci da Barbarci da Nufanci, bayan Hausa da Turanci, ba ado ba ne a Kaduna.

To, ta yaya magana take tsallake tazara irin wannan? Injunan Jaji iri biyu ne. Na matsakaicin zango, wanda Sashen Hausa ke amfani da shi a kan kilohaz 594, watau mita 505, igiyarsa bin ƙasa take yi da rana, ƙarfinta yana raguwa da nisa, sai da dare take ƙara tafiya. Na gajeren zango kuwa, wanda a dā yake kan kilohaz 6090, watau mita 49, don Hausa, da kilohaz 4770 don Turanci, sama yake harba igiyarsa. A can sama akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke canza halinsa, shi ne yake mayar da igiyar ƙasa, ta sauka ɗaruruwan kilomita daga inda ta tashi. Dutse ba ya tare ta, kurmi ba ya tare ta. Wannan ne dalilin da ya sa murya takan yi ƙasa ta dawo, mai sauraro ya yi ta juya akwati yana jan eriya, musamman da almuru. Talbijin ba shi da wannan baiwa. Hotonsa ba ya wuce inda ido zai hangi turke sai kaɗan, saboda haka Kaduna da Zariya suka fara gani, daga baya Kano, amma mutumin Sorau da ke gindin duwatsun iyaka bai san da shi ba sai a labari. Gaskiyar magana, sunan gidan ne ya haɗa biyun, amma rediyon ne ya yi aikin.

Waɗanda suka manyanta a cikin wannan taro ba sai an tuna musu abin da ake ji ba. Akwai Jakar Magori, akwai Barka da Yau. Akwai wasan Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusufu Ladan, da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, tsohon soja wanda ya mai da Hausar bariki abin dariyar kowa, ya rasu a 2023. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos ta nan suka shiga garuruwan da masu su ba su taɓa takawa ba. In azumi ya zo, tafsirin Shaihu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello, daga baya kuma na Shaihu Ɗahiru Bauci, kowa da wanda yake jira. Amma ga ɗan ci-rani babu kamar Zaɓi Sonka. A zamanin da babu wayar hannu, wasiƙa kuma tana iya yin mako biyu ko fiye kafin ta kai ƙauye, mutum yakan sayi kati ya rubuta sunayen iyaye da abokai ya aika Kaduna. Ranar da aka karanta, mutanen gida sun san ɗansu yana raye, yana kuma da sukunin sayen kati. Uwaye nawa ne suka yi barci da daɗi saboda wannan?

Sai dai muryar da ke kai gaisuwa ita ce ke kai mugun labari. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a gidansa, kuma a wannan gidan rediyo da ya gina Manjo Chukwuma Nzeogwu ya tsaya ya ba da sanarwar dokar soja a kan lardunan Arewa. Gidan bai cika shekara huɗu ba a lokacin. A ƙarshen Satumba na shekarar, masana tarihi da yawa sun rubuta cewa wani rahoto da Rediyon Kwatano ya bayar, na cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, an maimaita shi daga Kaduna, kuma yana cikin abin da ya hura wutar kashe-kashen da suka biyo baya. Dubban mutanen Gabas suka rasa rayukansu a Arewa, 'yan Arewa mazauna Inugu da Anaca da Fatakwal su ma aka far musu, waɗanda suka tsira suka baro dukiyarsu. Babu wanda ya fi baƙo sanin nauyin wannan. Kalmar da aka saki a Jaji ba tare da bincike ba, a kan mai shago a Sabongari take sauka, sa'an nan a kan mai goro a Shagamu.

Ran 27 ga Mayu 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa. Jihar Arewa ta tafi, amma gidan rediyonta ya saura, a hannun hukumar ICSA mai riƙon kayan tarayyar jihohin shida. Mubi ta koma ƙarƙashin Maiduguri, a 1976 kuma ƙarƙashin Yola da aka yi Jihar Gongola. Gwamnatin soja ta karɓe dukan gidajen talbijin daga Afrilu 1976, aka zuba su cikin hukumar NTA. Haka aka raba tagwayen Kaduna. Doka ta 8 ta 1979, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa 1 ga Afrilu 1978, ta haɗa NBC da BCNN ta haifi FRCN, ta kuma tsare gidajen rediyon jihohi a matsakaicin zango. An yi gardama mai zafi a lokacin kan ko Kaduna ma a rage mata ƙarfi, mutanen Arewa suka ƙi, aka bar mata gajeren zangonta tare da Ikko da Badun da Inugu. Da an yi yadda waɗansu suka so, da tun a 1978 mazauna Kudu sun daina jin Kaduna da rana.

Zamanin siyasa na 1979 zuwa 1983 bai ƙara wa gidan daraja ba a idon kowa da kowa. Jam'iyyar NPN ke riƙe da Tarayya, PRP ke riƙe da Kano da Kaduna, GNPP ke riƙe da Barno da Gongola, inda Alhaji Abubakar Barde yake Gwamna. 'Yan hamayya suka yi ta kukan cewa Kaduna ta zama bakin gwamnati, gwamnoninsu kuwa suka mai da gidajen jihohi nasu bakin, har Kano ta buɗe talbijin nata. Gwamnatin Tarayya ta rama da kafa ƙananan tashoshin FRCN a jihohi, waɗanda soja suka rufe a 1984. Mai sauraro a Sorau ya koyi dabara: ya ji Kaduna, ya ji Yola, ya murɗa ya ji Garwa, sa'an nan ya jira Sashen Hausa na BBC, wanda ke magana tun 1957, ya auna.

Daga 1992, da aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, sai zamani ya juya wajen zangon FM. Muryarsa garau take, injinsa ba shi da tsada, amma halinsa irin na talbijin ne, ba ya nisa. Gwamnati ta zuba kuɗi a tashoshin FM na manyan biranen jihohi, injunan Jaji kuwa suka tsufa, ga ƙarancin wuta, ga tsadar man gas. A ƙarshen shekarun 2000 gwamnatin Japan ta ba da gudummawar sabon injin matsakaicin zango a Jaji, amma gajeren zangon, wanda shi ne ƙafar da ke kaiwa Ikko da bakin iyaka, ya sha yin shiru na tsawon lokaci.

Wani zai ce ai yanzu kowa yana da waya, ana jin Kaduna ta intanet. Haka ne ga wanda ke Obalende ko Idi-Araba, in yana da kuɗin data. Amma a ƙarshen Oktoba 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'ar ƙasar suka watse cikin duwatsu, waɗansu suka ƙetara Kamaru, waɗansu suka nufi Yola a ƙasa. Wanda ke kan dutse babu inda zai yi cajin waya, ƙaramin rediyo da batir biyu shi ne abin da zai gaya masa ko hanya ta buɗe. 'Yan'uwansu a Kudu sun kwana suna buga lambobin da ba sa shiga.

Saboda haka akwai abin da ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu za su iya ɗauka daga wannan zaure. Wakilan Adamawa da Kaduna a Majalisar Tarayya sukan zo Ikko da Badun neman goyon baya in zaɓe ya ƙarato, sukan kuma sauka a fadar Sarkin Hausawa. In sun zo, a tambaye su nawa aka ware wa injunan Jaji a kasafin kuɗin hukumar FRCN, da kuma ranar da mita 49 za ta koma aiki safe da yamma ba yankewa. A rubuta tambayar a takarda, shugabannin kasuwa su sa hannu, a kuma aika kwafinta Kaduna, titin Yakubu Gowon, inda gidan yake.