Icce Maganin Gari Ne: Darasi Daga Yamai



Maganar yau ta lafiya ce. Idan an ce lafiya, sai hankalin mutum ya tafi ga likita, da allura, da ƙwayar magani. Duka suna da amfani. Amma akwai wani aikin lafiya da ba a yin shi cikin asibiti. Da hauya da bokiti ake yin shi, kuma da gayya. Shi ne dashen itatuwa da tsaronsu. Birnin Yamai ya gwada wannan aiki. Ya ga daɗinsa, ya kuma ga wuyarsa.

A shekarar 1965, zamanin shugaba Diori Hamani, aka fara dasa itatuwa a bayan birnin, gefen arewa da gabas. Daga can ne iskar hunturu take fitowa da ƙura. Aka tsara dashen kamar ɗamara, tsawonta kilomita 25, faɗinta kilomita guda. Shi ya sa ake kiran wurin da wani suna na Faransanci mai ma'anar "koriyar ɗamara". Yawancin iccen dogon yaro ne, don yana jure ƙishirwa kuma ba ya rasa ganye da rani. Bayan babban farin 1973, aikin ya ƙara ƙarfi. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama kuma ranar dashen icce a ƙasa duka.

To, me icce yake yi wa jikin mutum?

Na farko, yana rage ƙura. Ƙura tana kawo tari, mura da ciwon ido, musamman ga yara da tsofaffi. Busasshiyar iska tana tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, shi ya sa sanƙarau ya fi yaɗuwa da rani. Yamai ta sha wannan annoba a 2015. A nan sai a lura da kyau: icce ba ya maye gurbin allurar riga-kafi. Allura ita ce garkuwa daga sanƙarau. Icce yana sassauta iska ne, ya rage ƙurar da ake shaƙa.

Na biyu, inuwa. Da bazara, zafin Yamai yana wuce awo 40. A irin wannan lokaci jariri da tsoho da mace mai ciki su ne suka fi galabaita. Gida mai icce a tsakar gida ya fi gidan da babu sanyi. Rijiya mai inuwa ta fi sauƙi ga matar da take jiran layi.

Na uku, abinci. A lambunan bakin kogin Kwara, masu lambu suna noman zogale suna kai shi kasuwannin Yamai. Ana yin kwaɗonsa, ana yin dambunsa. Ganyen zogale yana ƙara jini, yana kuma taimakon ido, ya kare yaro daga dundumi. Haka ganyen kuka yake gyara miya. Gawo kuwa yana ba dabbobi abinci da rani, akuya ta ƙoshi, yara su sami nono.

Na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa: kwanciyar hankali. Mutumin da damuwa ta yi masa yawa, idan ya zauna shi kaɗai cikin ɗaki, damuwar ƙaruwa take yi. Idan ya fita aikin gayya, ya yi gumi, ya yi dariya da tsararsa, sai ya komo gida ya yi barci. Bayan ƴan shekaru, iccen da aka dasa ya zama wurin hira. Nan dattawa suke sasanta rigima. Nan samari suke dafa shayi. Cibiyoyin yaƙi da jahilci da yawa gindin icce ne ajinsu na farko.

Amma labarin Yamai bai tsaya nan ba. A 1960 mutanen birnin ba su fi wajen 30,000 ba. Ƙidayar 2012 ta same su kusan miliyan ɗaya. Birni ya cika ya tumbatsa, ya tsallake ɗamarar. Aka yanka filaye a cikinta aka gina gidaje. Wasu suka sare itatuwa don girki. Wasu suka mai da wurin juji. Babban yanki na dajin ya ɓace. Inda ya kamata a sha iska mai kyau, sai hayaƙin shara.

Me ya kawo haka? Jama'a sun ɗauki dajin na gwamnati ne. Maƙwabcin dajin ba ya da haƙƙin yanke reshe, saboda haka bai ga dalilin hana wani yankewa ba. Iccen da ba shi da mai shi, gatari ne rabonsa.

A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, an bi wata hanya. A 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro jeri biyu-biyu a tsakiyar gonaki, don tare iska. Mutanen gari suka yi aikin da hannunsu. Gero ya daina shan dukan iska, amfanin gona ya ƙaru. Da itatuwan suka girma, sai aka shirya yanke rassa bisa tsari, kuma mutanen garuruwan suka amfana da iccen.

A Maraɗi ma haka. Tun wajen 1984 manoma suka rungumi sassaben zamani. Maimakon ƙone kututture, sai manomi ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ya aske sauran, ya bar shi ya girma. Ba a sayi iri ba, ba a ɗauki ruwa ba. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 ne suka tashi ta wannan hanya a kudancin Nijar. Dalili ɗaya ne: manomi ya san iccen gonarsa nasa ne.

To, garin da yake son ya yi wannan aiki, ga abin da ya kamata.

A fara da shawara, tare da maigari, liman da shugabar mata. A zaɓi wuri: bakin rijiya, gidan likita, makaranta, kasuwa, da gefen da iska take shigowa gari. A dasa bayan ruwa ya zauna. A gina rami mai zurfin kamu guda, a cire leda kafin a sa icce. A yi masa shingen ƙaya, don akuya ba ta da kunya.

Abu mafi girma shi ne wannan: kowane icce a ba shi mai shi. Masu karatu su ɗauki littafi su rubuta: icce kaza, na gidan wane. Su rubuta wanda zai ba shi ruwa da rani, da wanda zai ci amfaninsa. Bayan shekara guda, a zaga a ƙirga masu rai da waɗanda suka mutu, a karanta wa gari. Ga amfanin karatu da lissafi a fili.

Matan gari kuma su nemi ɗan fili kusa da rijiya don zogale. Cikin ƴan watanni ana tsinkar ganye. A shanya shi a inuwa, ba a rana ba, don kada ƙarfinsa ya gudu.

Dashe aikin yini guda ne, reno kuwa aikin shekara biyu ko uku ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin 3 ga Agusta mai zuwa, kowace cibiya ta zauna ta amsa tambaya biyu: ina za a dasa, kuma wa zai tsare?

Allah ya ba da damana mai albarka, ya ba gari lafiya. Amin.