Famfon Kaɗa Ruwa: Rage Masa Ƙarfi, Kada Ka Kashe Shi

Wani mai sauraro daga Ƙofar Ƙaura ya ce famfon kaɗa ruwa na akwatin kifinsa yana wujijjiga ƙananan kifaye, shi ne ya kashe shi. To ɗan'uwa, a zafin Afrilun Katsina wannan ganganci ne. In ruwa ya ɗumama, iskar oksijin ɗinsa raguwa take, motsin saman ruwa ne ke dawo da ita. Juya bakin famfon ya kalli sama, ka lulluɓe inda yake zuƙar ruwa da soso mai manyan ramuka. Cire filogi kafin ka tsoma hannu. Kuma wanke soson duk mako, don in ya toshe, injin zai iya ƙonewa. Sai mun haɗu.