In Motar Gas Ta Ƙi Tashi, Dubi Hayaƙinta

(Jawabin da wani makaniki ya yi wa direbobi da yaran mota, 'yan ajin yaƙi da jahilci na Magama, Jibiya)



Malamin ajinku ya ce in yi muku magana a kan tsohuwar motar gas, wato dizal. 'Yan'uwanmu na Nijar suna ce masa gazuwal. Kun san inda muke zaune. Daga nan Magama in ka tsallaka iyaka sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. In ka juya baya sai Katsina. Motocin gas da ke bin hanyar nan da yawansu sun tsufa: Fijo 504, J5, Hilux, tsohuwar Marsandi. Kayan da suke ɗauka kuwa ba ya jira. Tumatir ba ya jira, dabba ba ta jira. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi yankinmu a shekarun nan. Ba wanda yake son magariba ta riske shi a daji da matacciyar mota.

To, ku fara sanin wannan. Injin fetur yana da fulogi, shi ke ba da tartsatsin wuta. Injin gas ba shi da irin wannan fulogi. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya ƙera shi, ya kuma yi aiki sosai a shekarar 1897. Dabararsa ita ce matse iska. Fistin yana matse iska har ta koma wajen kashi 1 cikin 20 na girmanta. Iska in ta matsu sai ta yi zafi. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya ji famfo yana ɗumi a hannunsa. A cikin inji zafin yakan wuce digiri 500. Sai nozul ya fesa gas a ciki, ya kama da kansa. Saboda haka injin gas yana son ya juya da sauri, yana son zafi, yana son mai tsabtatacce. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓace.

Ka murɗa makulli, ka kasa kunne. In ka ji ƙas kawai, ko injin yana juyawa da ƙyar kamar jaki ya gaji, fara da batir. Kunna manyan fitilu, ka sake murɗawa. In fitilu suka dushe, batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi datti. In suna nan da haskensu amma inji bai motsa ba, laifin kik ne ko wayarsa. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa. Cire wayar da ta kama jikin mota tukuna, sannan ɗayar. Wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ka goge, ka ɗaure tam. In za ka ari wuta daga wata mota, karanta alama: mai + da mai +. Kada ka jona da tirela kai tsaye. Ita wutarta 24 ce, taka 12.

In inji yana juyawa da kyau amma bai kama ba, nan ne nake son ku buɗe kunne. Tura yaronka bayan mota, ya tsaya gefen salansa. Kai kuma ka murɗa makulli. Ka tambaye shi abu ɗaya: akwai hayaƙi ko babu? Wannan tambaya ta raba aikin gida biyu. In farin hayaƙi yana fita mai warin ɗanyen gas, mai yana isa ciki, zafi ne babu. In ba hayaƙi ko kaɗan, mai ne ba ya isa. Mutane da yawa sun sayi sabon batir, sun kwance kik, alhali da sun dubi salansa da kuɗinsu na aljihu.

Mu ɗauki farin hayaƙi. Wannan ciwon hunturu ne, a watan Disamba da Janairu, da asuba. Ƙarfe ya yi sanyi, yana shanye zafin iskar. Shi ya sa aka sa wa injin hita, kowane fistin da tasa. Buɗe makulli, kada ka tayar. Jira fitilar hita ta gama aikinta. Tsohuwar mota takan ci rabin minti ko fiye. In sanyi ya yi yawa, yi haka sau biyu. In ta ƙi, duba fiyus. Sannan gwada hitar da ƙwan fitila mai waya biyu. Cire wayar da ta haɗa kawunansu. Jona waya ɗaya ta ƙwan a kan + na batir, ka taɓa kan hita da ɗayar. In ƙwan ya kama, da ranta. In bai kama ba, ta mutu. Hita biyu suka mutu cikin huɗu, ka sha wahala da safe.

In hita lafiyarta lau, amma motar sai an tura ta ko da rana tsaka, tana shan baƙin mai, tana huci ta murfin da ake zuba shi, to ringi ya cinye. Ƙura ce ke cin ringi. Ƙurar Jibiya kuwa ba sai na ba ku labari ba. Direban da ya yar da matatar iska don wai mota ta yi numfashi, yashi yake ba injinsa. Wannan aiki ba na bakin hanya ba ne, sai gareji.

Akwai wata ɗabi'a da na tsana. Wasu sukan jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin iska. Motar takan tashi, ban musa ba. Amma fetur yana kamawa tun fistin bai kai sama ba. Yana karya ringi. In ya haɗu da hita mai ja, wuta takan dawo ta fuskar mai riƙe da tsumman. Haka masu hura wuta a ƙarƙashin inji. Ku bari.

Yanzu sai in babu hayaƙi. Fara da tanki. Kada ka yarda da allurar tsohuwar mota, ta iya ƙarya. Buɗe ka tabbatar. Sannan dubi injekta, wato famfon da ke raba mai. A yawancin motocin nan akwai wata 'yar waya guda da ta shiga jikinta. Ita ke buɗe wa gas ƙofa. Sa yaro ya buɗe makulli, kai ka saurara. Ya kamata ka ji ƙas. In shiru, duba wayar da fiyus. Gargadar hanya takan zare ta.

Daga nan sai filta. Ruwa ya fi gas nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya. Kwance ƙusar ƙarƙashin filta, in tana da ita, ka tara da farar kwalba. Ajiye kwalbar ta huta. In da ruwa za ka gan shi a gindi. Mu a nan iyaka muna sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu. Ban ce duk na jarka gurɓatacce ne ba. Amma jarkar da ta kwana a buɗe, ko wadda aka yi wa haɗi da kananzir, ita ke kashe injekta. Gas yana da santsi, shi ke shafe cikin famfon. Kananzir ba shi da wannan santsi sosai. Tace manka da tsumma mai tsabta, kuma kada ka juye na gindin jarka.

Ku tuna lokacin da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019. Ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilu na 2022. Aka sake rufewa a Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024. Motoci da yawa sun yi watanni a jibge. Motar da ta daɗe haka, tankinta yakan tara ruwa da tsatsa, robobinta su bushe. Irin wannan, a zubar da tsohon mai, a sake filta, kafin a taɓa makulli.

In mai ya ƙare maka a hanya, ko ka sake filta, iska ta shiga ke nan. Injin gas ba ya tashi da iska a cikin bututu, ko ka cika tanki. Sai ka fitar da ita. Sassauta ƙusar saman filta. Yi ta danna famfon hannu har kumfa ya ƙare, gas zalla ya fito. Ɗaure. In har yanzu ta ƙi, ɗauki sufana, yawanci lamba 17. Sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul, rabin juyi kawai. A murɗa makulli har gas ya fara tsartuwa. Ɗaure, ka tayar. Janye hannunka da idonka daga wurin. Feshin nozul yana iya huda fata. Wanda ya same shi ya tafi asibiti nan take, ko da ramin ɗan mitsitsi ne.

In kullum da safe sai ka fitar da iska, akwai robar da ta tsage. Duba ƙananan robobin da ke tsakanin nozul da nozul. Kuɗinsu kaɗan ne.

Duk cikin wannan aiki, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15. Bari kik ya huta minti guda. In kuma ka ji injin yana juyawa sakayau, da sauri fiye da kullum, a mota mai bel kamar Hilux ko Golf, tsaya. Mai yiwuwa bel ɗin cikin inji ya tsinke. Kada ka tura ta.

Ita kuwa injekta, kada ka buɗe cikinta a bakin hanya, kada ka bar kowa ya murɗa saitinta. Ta fi duk abin da na lissafa tsada, ƙwayar yashi ɗaya tana ɓata ta. Sai an gama duba sauran, sannan a kai ta wurin masu injin gwaji.

Tun da yanzu kun iya karatu, kowa ya karanta lambar da ke jikin filtarsa da hitarsa, ya rubuta a littafi. In ka je sayen kaya a Katsina, ko Maraɗi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, nuna lambar. A cikin mota kuma a ajiye filta guda, fiyus, sufana 10 da 17, ƙwan gwaji, da farar kwalba.

Ga a-kori-kura can a bakin ƙofa, mai ita ya ba mu aro. Ku taso mu je, kowa ya danna famfon hannu ya ga yadda kumfa ke fita. Yaran mota su fara.