TAYA BIYU DA RAYUKA 261

Jawabin da wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan Boɗinga da Shagari, kan kiyaye lafiya a wurin gyaran jirgin sama.



Sa'ad da aka ji batun da muka zaɓa, wani abokinmu ya yi dariya, ya ce ina ruwan mutumin Boɗinga ko Shagari da gyaran jirgin sama, alhali kuwa yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin ba. Amsarmu gajera ce. Filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III yana tsakanin Sakkwato da Boɗinga ne, duk wanda ya taso daga Shagari zai shiga birni kuwa ta kusa da shi yake wucewa. A nan muke raka iyayenmu in za su aikin Hajji, a nan kuma muke tsayawa muna duban sama ran da za su komo. Saboda haka hannun da ya ɗaure noti a jikin jirgin nan yana riƙe da ran uwar wani daga cikinmu, ko mun san mai hannun ko ba mu san shi ba.

Bari mu fara da abin da ya auku, don kada a ce tatsuniya muke yi. Ran 11 ga watan Yuli na 1991, da safe, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya nufo Sakkwato. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, amma yana jigilar alhazai da sunan kamfanin Nigeria Airways. A cikinsa akwai fasinja 247, galibinsu alhazan Nijeriya, da ma'aikata 14. Bai yi nisa ba wuta ta kama shi, matuƙan suka juyo da shi za su sauka, ya faɗi saura kamar kilomita 3 ya kai titin sauka. Ba wanda ya tsira. Mutum 261 suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Me ya jawo haka? Masu bincike sun gano cewa ba hadari aka yi ba, ba kuma injin ne ya mutu ba. Tayoyi biyu ne ba su da isasshiyar iska. Tun ran 7 ga wata, watau kwana huɗu kafin hatsarin, makanikai sun auna sun ga iskar ta gaza. Maimakon a gyara, sai aka taɓa alƙaluman da ke cikin takardar aiki, suka nuna kamar kome lafiya lau. An so a sauya tayoyin sa'ad da jirgin ke Akara, babban birnin Gana, sai saƙo ya zo daga jami'in da ke kula da kwangilar jigilar cewa an makara, a yi sauri, aka bar aikin. Ran tafiya, ana gab da tashi, shugaban makanikai ya nemi a kawo iskar naitirojin a ƙara wa tayoyin. Ba a samu nan take ba, jami'in kuwa bai yarda a jinkirta ba. Wanda ya sa hannu cewa jirgin ya dace da tashi bai kasance cikin waɗanda suka yi aikin tayoyin ba.

Ga yadda abin ya bi. Taya mai ƙarancin iska ba ta ɗaukar rabonta na nauyi, sai ta jibga wa 'yar'uwarta da ke gefenta. Wannan ta yi ta lanƙwashewa tana zafi tun jirgin na tafiya a ƙasa. Da ya fara gudun tashi sai ta fashe, ta biyun ta bi ta. Ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar titi har wuta ta tashi. Matuƙan ba su san da wutar ba, don babu na'urar da za ta gaya musu a wannan ɓangare na jirgin, suka naɗe ƙafafun zuwa cikin cikinsa, inda wayoyi da bututan mai suke. Da hannunsu suka shigar da wutar ciki, ba da saninsu ba.

Akwai abu guda da muke roƙon kowa ya riƙe. Shugaban makanikan da jami'in kwangilar duka suna cikin jirgin, kuma tare da alhazan suka rasu. Ba mu kawo wannan don mu zargi mamaci ba, hisabinsu na ga Allah. Mun kawo shi ne don a gane cewa lafiyar ma'aikaci da lafiyar wanda ake yi wa aiki igiya ɗaya ce. Wurin aikin da ba ya barin bakanike ya ce "a dakata", wurin nan ba zai kiyaye ran bakaniken ba, ba kuwa zai kiyaye ran fasinja ba.

Yanzu sai mu leƙa rumfar gyaran jirage, mu ga irin haɗarin da bakanike ke kwana da shi yana tashi da shi.

Na farko, ita tayar kanta. Mai faci a bakin hanyar Boɗinga yakan sa wa ƙaramar mota awo 30 ko 32. Tayar babban jirgi takan ɗauki wajen awo 200. In ta fashe ana cikin hura ta, ƙarfenta na iya kashe mutum nan take, shi ya sa a ɗakin gyara ake sa ta cikin kejin ƙarfe, a kuma yi amfani da na'urar da ke rage ƙarfin iskar da ke fitowa daga tulu. Iskar naitirojin ake sa mata, don ba ta taimaka wa wuta. A 1986 wani jirgin kamfanin Mexicana ya faɗi a ƙasar Meksiko, mutum 167 suka mutu, bincike kuwa ya nuna an hura wata tayarsa da iskar da muke shaƙa, birki ya yi zafi, ta fashe cikin jirgin.

Na biyu, inji. In yana aiki, bakinsa na zuƙar iska da ƙarfin da zai ja mutum ya haɗiye shi, bayansa kuma na feso iska mai zafi da za ta kifar da mota. Don haka ake shata iyakar da ba a ƙetarewa, ake kuma hana sa hula ko tufa mai lilo. Ƙararsa ita ma cuta ce. Masana sun nuna cewa ƙarar da ta kai desibel 85, in mutum ya jima cikinta awa 8 kullum, tana cinye ji a hankali, ƙarar injin jirgi kuwa ta zarce haka nesa ba kusa ba. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya komowa. Abin toshe kunne ba ado ba ne.

Na uku, mai da ruwan guba. Man da ke motsa birki da fuka-fukai, irin su Skydrol, yana ƙona ido da fata, kuma a jirage da yawa yana gudu cikin bututu da ƙarfin awo 3,000, har ɗan tsinin da ya tsarto daga huda na iya ratsa fatar hannu. Wanda zai shiga tankin mai, tilas a fara fitar da tururin, a auna iskar ciki, a kuma tsayar da mutum a bakin ƙofa yana lura da shi. Tulun iskar oksijin kuwa ba ya shiri da giris, haɗuwarsu gobara ce.

Na huɗu, hawa sama. Wutsiyar babban jirgi ta kai tsawon bene mai hawa da dama. Tsani mai kyau da ɗamarar da ke riƙe mutum su ne tsakanin bakanike da karayar baya. Ban da wannan, ana ƙidaya kowace sifana kafin aiki da bayansa, don ƙarfen da aka manta cikin inji na iya halaka jirgi.

Na biyar, wanda ya fi sauran ɓoyuwa, shi ne gajiya. Galibin gyaran jirage da dare ake yinsa, lokacin da jikin ɗan Adam ke neman barci. Ran 10 ga watan Yuni na 1990, gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sama bayan ya tashi daga Birmingham a Ingila, iska ta fizgi matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje. Abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka, Allah ya yi da sauran kwanansa. Injiniyan da ya ɗaura gilashin ƙwararre ne, amma cikin tsakar dare ya zaɓi sukurori da ido bai duba littafi ba, 84 daga cikin 90 suka kasance sun fi ƙima siranta. A 1993 wani jami'in hukumar sufuri ta Kanada, Gordon Dupont, ya tsara abubuwa 12 da suka fi jefa makanikai cikin kuskure. A ciki akwai gajiya, da matsin lamba, da ƙarancin kayan aiki, da rashin isar da magana, da kasa tsayawa a kan gaskiya gaban na sama. Wanda ya duba labarin Jidda zai ga huɗu na ƙarshen nan a fili.

Wani zai ce ai kwana ne ya ƙare. Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar sababi, kuma amana abar tambaya ce. Wanda ya ga taya ba iska ya rubuta cewa da iska, ba ƙaddara ya rubuta ba, ƙarya ya rubuta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijeriya na da Dokar Masana'antu ta 1987, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1981, ta ce ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin zai halaka shi, kada a cuce shi saboda haka. Hukumar NCAA ke ba injiniyoyin jirage lasisi, Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya kuwa, wadda aka kafa a 1964, tana horar da su. Muna fata ƙannenmu masu son lissafi da kimiyya a makarantun Boɗinga da Shagari za su nemi shiga can, don aikin nan ba gadon wata ƙabila ba ne.

To, mu da ba za mu riƙe sifana ba fa? Yawancinmu alƙalami za mu riƙe, a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko asibiti, ko ma'aikatar ayyuka, ko ofishin alhazai. Ran da direban ofis ya ce mana tayar motar ta suɗe, mu kuwa muna sauri mu kai takarda Sakkwato, a ranar mun hau kujerar jami'in nan na Jidda. Saboda haka muna ba kanmu shawara uku. Kada mu sa hannu a kan abin da ba mu gani da idonmu ba. Kada mu hukunta na ƙasa da mu don ya kawo mana labarin da ba mu so, gama in muka yi haka sau ɗaya, gobe zai yi shiru. In kuma aka ba mu tsara kasafi, kada kuɗin safar hannu da tabarau da tulun kashe gobara su zama farkon abin da za mu yanke.

Lalle wannan ba shi da sauƙi ga ƙaramin ma'aikaci mai jiran ƙarin girma, wanda ke da iyaye da ƙanne a wuyansa. Wanda ya tsayar da aiki ba a cika gode masa ba, don hatsarin da ya hana aukuwa ba wanda ya gan shi. Amma magabata sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da an jinkirta jirgin nan har a samo tulun naitirojin, da alhazai sun yi gunaguni a Jidda, masu tarya sun ƙosa a Sakkwato, kafin sati ya zagayo kuwa kowa ya manta da maganar.

 Allah ya kiyaye matafiyanmu da masu yi musu hidima, ya ba mu ikon riƙe amana.